Tambayoyi da amsoshi kan neman takardun gwamnati a Abuja ta hanyar dokar FOI

Jama'a assalamu alaikum. Tambayoyin nan na tattaro su ne daga abin da aka fi yi min, wasu a ofis wasu ta waya, daga ɗaliban shari'a na Gwagwalada da na makarantar lauyoyi ta Bwari, da matasan 'yan jarida, da shugabannin ƙungiyoyin unguwa na wajen Kubwa da Dei-Dei da Karshi waɗanda suke so su san ina kuɗin aikin unguwarsu ya shiga. Na gaji da maimaita amsa ɗaya shi yasa na ce bari in rubuta su wuri guda. In maganarka ta kai ga kotu dai ka zauna da lauya ya duba takardunka da idonsa.

Wai mece ce dokar FOI ɗin nan da ake ta faɗa?

Doka ce ta tarayya da ta ba kowa 'yancin neman bayani ko takardar da ke hannun hukumar gwamnati, a Hausance muna ce mata dokar 'yancin samun bayanai amma a bakin kowa FOI ce, har ma'aikatan ofis da wannan sunan suka san ta. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu ranar 28 ga Mayu 2011. Ba tsawo gare ta ba, sashe 32 ne kacal, a zama ɗaya za ka karance ta.

Amma fa ba da sauƙi aka same ta ba. Tun 1993 zamanin soja ƙungiyar Media Rights Agenda da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta CLO da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ suka fara tsara daftarin, ya shiga majalisa a 1999, majalisa ta amince da shi amma Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa hannu ba, aka koma aka sake sabon lale. Kafin ta, abin da ma'aikaci ya sani shi ne dokar sirrin gwamnati ta 1962, wadda ta tarbiyyantar da shi a kan cewa duk takardar da ke cikin fayil sirri ce sai in an ce ya bayar. FOI ta juya maganar, yanzu takarda ta jama'a ce sai in doka ta ce a ɓoye, kuma wanda ya ɓoye shi zai kawo hujja.

Ni ba ɗan jarida ba ne ba lauya ba, zan iya nema? Sai na faɗi dalilina?

Kwarai kuwa. Sashe na 1 cewa yayi kowane mutum, bai ce ɗan jarida ba bai ce mai digiri ba, mai shago a kasuwar Wuse da farfesa duk ɗaya suke a wajen dokar. Kuma wannan sashen ya faɗa ƙarara cewa ba sai ka nuna wata alaƙa ta musamman da bayanin ba. Saboda haka in wani ya tare ka da “me za ka yi da shi?” ko “wa ya aiko ka?” ba dole ka amsa ba, ka ce masa cikin ladabi doka ba ta nemi dalili ba. Ni ma ba na sa dalili a wasiƙa, don duk dalilin da ka rubuta ka ba su abin da za su yi musu a kai ne.

Waɗanne ofisoshi ne dokar ta hau kansu? Har da na jihohi?

Ɓangaren zartarwa da majalisa da na shari'a duk sun shiga, ma'aikatu, hukumomi, kwamitoci, jami'o'in gwamnati, da kamfanonin da gwamnati ke da rinjayen hannun jari a ciki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne har kamfani mai zaman kansa ya shiga in yana amfani da kuɗin jama'a ko yana yin aikin da na gwamnati ne. Mu nan Abuja ba mu taɓa samun matsalar ko dokar ta shafe mu ba, tunda majalisar tarayya ce ke yi wa babban birnin doka, don haka hukumar birnin da ƙananan hukumomi shida, AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, duk suna ciki.

Jihohi ne aka daɗe ana ja-in-ja. Gwamnatocin jihohi da dama sun riƙa cewa dokar tarayya ce ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta yi tata, kamar yadda Ekiti ta yi tun 2011. Kotun ɗaukaka ƙara ma ta raba gari, a 2018 reshen Akure ya ce ta shafi jihohi, reshen Benin ya ce ba ta shafa ba. A watan Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar Edo, ta ce dokar ta shafi dukkan matakan gwamnati. Wannan ya shafe mu sosai don da yawa daga masu aiki a Abuja a Mararaba da Masaka da Suleja suke kwana, wato Nasarawa da Neja, kuma titin da ya lalace a can ofishin jiha za ka tambaya.

Mahaifina bai iya rubutun boko ba, shi kenan ba shi da hanya?

Yana da ita. Sashe na 3 ya ce wanda bai iya karatu da rubutu ba ko mai naƙasa zai iya nema ta hannun wani, kuma in mutum ya je ya nema da baki jami'in da aka ɗora wa aikin shi zai rubuta buƙatar ya ba shi kwafi. A aikace dai ban cika ba da shawarar zuwa da baki ba, don in ba a rubuta ba ba ka da shaida. Ku zauna da Baba ya faɗi abin da yake so da Hausa, ku rubuta masa da Turanci tunda da shi ofisoshin ke aiki, ya sa hannu ko ya dangwala.

Yaya ake rubuta wasiƙar? Akwai fom na musamman?

Babu wani fom da doka ta wajabta, wasiƙa ce kawai. Sunanka, adireshi, lambar waya, kwanan wata, sai kan magana da ya nuna cewa buƙata ce ƙarƙashin dokar FOI ta 2011, sai jerin abin da kake so, sai ka ce a wace siga kake so a ba ka, fotokwafi ko ta imel. Shafi ɗaya ya isa.

Inda mutane suke faɗuwa, kuma wallahi nan ne rabin aikin yake, shi ne suna tambayar dalili maimakon su nemi takarda. Mutum zai rubuta “me yasa har yau ba a gama asibitin unguwarmu ba?” to wannan ƙorafi ne, ofis zai iya amsa maka da layi biyu cewa ana kan aiki kuma ya amsa ɗin kenan. Abin da za ka ce shi ne a ba ka kwafin takardar ba da kwangilar gina asibitin sha-ka-tafi na wuri kaza a kasafin shekara kaza, da sunan kamfanin da aka ba, da jimillar kuɗin, da baucocin duk abin da aka biya zuwa yau, da takardar shaidar matakin aiki da injiniya ya sa wa hannu kafin a biya. Ka ga kowanne a cikin waɗannan abu ne da yake kwance a fayil, ko akwai shi ko babu, in akwai a ba ka in babu a faɗa a rubuce, kuma rashinsa ma labari ne. Dokar ba ta tilasta wa ofis ya zauna ya yi maka bincike ko ya ba ka ra'ayinsa ba, abin da yake riƙe da shi ta ce ya bayar, har da wanda ke cikin kwamfuta ba a buga shi a takarda ba.

Sannan kar ka yi haɗama. Wanda ya ce a ba shi duk kwangilolin ma'aikata daga 1999 zuwa yau ya ba su hujjar jan lokaci da kansa. Ka ɗauki aiki ɗaya, shekara ɗaya ko biyu, abu huɗu ko biyar, ka sa musu lamba. In ka samu sai ka sake rubuta wata, ba a ƙayyade maka sau nawa ba. Kuma ban da zagi ko zargin sata a cikin wasiƙar, wanda zai ɗauko fayil ɗin ƙaramin ma'aikaci ne da ba shi ya ci kuɗin ba.

Kafin in rubuta, babu inda zan duba ko bayanin yana waje?

Akwai, kuma ka duba ɗin. Sashe na 2 ya wajabta wa kowace hukuma ta riƙa wallafa wasu abubuwa da kanta ba sai an tambaya ba, irin su ayyukanta, da bayanin kuɗin da ya shigo da wanda aka kashe. Kasafin kuɗin tarayya yana shafin Ofishin Kasafi a intanet layi-layi, akwai shafin Open Treasury da aka buɗe a Disamba 2019 inda ake sa manyan kuɗaɗen da aka biya, akwai shafin hukumar BPP mai kula da kwangiloli, ƙungiyar BudgIT ma tana bin ayyukan mazaɓu ta shafinta na Tracka. In ka samo sunan aikin da lambarsa yadda aka rubuta a kasafi ka sa a wasiƙarka, ba mai ce maka bai gane aikin da kake nufi ba.

Wa zan kai wa wasiƙar, kuma me zan riƙe a matsayin shaida?

Ka rubuta ta zuwa ga shugaban wurin, babban sakatare in ma'aikata ce, darakta janar ko shugaba in hukuma ce, ciyaman in ƙaramar hukuma ce, sai ka ƙara a ƙasa cewa a kula da jami'in FOI. Doka ta ce kowace hukuma ta bayyana jami'in da za a kai wa, amma rashin bayyanawar ba ya tauye maka haƙƙi.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowa da shi don Allah: ka je da kwafi biyu, ka kai rajista, ka tsaya sai an buga maka sitamfi a kwafinka da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Wannan kwafin shi ne shari'arka gaba ɗaya, daga ranar da ke jikinsa ake fara ƙirgen kwanaki, kuma shi alƙali zai fara nema. Na taɓa yin sakaci a wata ma'aikata nan sakatariya, rana ta yi ga layi, wani masinja ya ce in bar masa zai shigar min in dawo gobe in karɓi kwafina, na yarda. Da na dawo aka ce ba a ga wasiƙa ba, sati uku na suka tafi a banza, kuma mutanen unguwar da suka dogara da ni suna jira. Tun daga ranar ba na barin tebur sai da sitamfi. Kana fitowa ka ɗauki hotonsa da waya ka tura wa kanka.

In sun ƙi karɓa, ko mai gadi ya hana ka shiga, ka aika ta kamfanin kai saƙo ka ajiye rasit da takardar da ta nuna wanda ya karɓa. Imel ma yana yi amma ni ina ɗaukarsa ƙari ne kawai, don adireshin imel na ofisoshi da yawa ba mai buɗewa.

Kwana nawa suke da shi su amsa?

Kwana 7 daga ranar da suka karɓa, sashe na 4 kenan, ko su ba ka ko su rubuto maka cewa sun hana tare da dalili da sashen da suka dogara da shi. Suna iya ƙara wasu kwanakin da ba su wuce 7 ba in takardun suna da yawa ko sai sun tuntuɓi wasu, amma sai sun sanar da kai a rubuce. In kuma suna ganin wata hukuma ce ta fi alaƙa da bayanin, sashe na 5 ya ce su tura mata cikin kwana 3, kar ya wuce 7, su kuma sanar da kai. Wato “ba nan ba ne, je ka can” da baki ba amsa ba ce.

Nawa zan biya?

Neman kansa kyauta ne. Sashe na 8 ya taƙaita kuɗin ga na kwafi da na juyar da bayani in ana buƙata, a farashin da aka saba. Babu kuɗin bincike babu kuɗin fayil babu na goro. In an yanka maka kuɗi ka ce a rubuta maka shafi nawa ne kuma nawa kowane shafi, ka biya ta hanyar da gwamnati ke karɓar kuɗi ka karɓi rasit, kar ka miƙa wa kowa a hannu.

Kwana 7 sun wuce shiru nake ji, me zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa don shirun shi ne amsar da aka fi samu. Sashe na 7 ya ce in wa'adi ya wuce ba amsa, a ɗauka an hana ka ne. Abin lura a nan shi ne daga wannan lokacin agogon zuwa kotu ya fara tafiya, kwana 30 gare ka, duba amsar tambayar kotu a ƙasa.

Abin da nake yi shi ne in aika wasiƙar tuni a kwana na 8 ko na 10, in maƙala kwafin ta farko mai sitamfi, in aika kwafi ga ofishin Antoni Janar na tarayya a Ma'aikatar Shari'a tunda shi doka ta ɗora wa sa ido kan yadda hukumomi ke bin ta. Sau da yawa tunin nan yana motsa fayil, musamman in ka bi da ƙafa ka gano teburin da wasiƙar ta kwanta, yawanci sashen shari'a na ma'aikatar. Amma kar zirga-zirgar “oga ba ya nan, dawo Litinin” ta cinye maka kwana 30 ɗin, ka ci gaba da ƙirge daga wa'adin wasiƙar farko.

Waɗanne abubuwa ne suke da ikon hanawa?

Akwai su, kuma wasu da hujjarsu. Abin da zai cutar da tsaron ƙasa ko hulɗa da ƙasashen waje, sashe na 11. Abin da zai ɓata binciken da jami'an tsaro ke kan yi, ko ya tona asirin mai ba da labari, ko ya hana wani samun shari'ar adalci, sashe na 12. Bayanan mutum na ƙashin kansa, sashe na 14. Sirrin kasuwanci na wani kamfani, sashe na 15. Sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa, ko ma'aikacin lafiya da majiyyaci, ko ɗan jarida da majiyarsa, sashe na 16. Sai kayan koyarwa da binciken malaman jami'a a sashe na 17, da irin su tambayoyin jarrabawa a sashe na 19.

Abu biyu ne ofisoshi ba sa son ka sani. Na ɗaya, yawancin waɗannan sassan suna ɗauke da sharaɗin cewa in amfanin da jama'a za su samu ya fi cutarwar da ake tsoro to dole a bayar, don haka ambaton sashe kawai bai wadatar ba. Na biyu sashe na 18, in wani ɓangare na takarda ne kawai ya faɗa cikin abin da aka keɓe sai a rufe wannan ɓangaren a ba ka sauran. Misali baucar biyan ɗan kwangila, za a iya shafe lambar asusunsa na banki, amma adadin kuɗin da ranar biya ba sirrin kowa ba ne. Ni a kowace wasiƙa ina sa layi ɗaya na tuna musu sashe na 18 tun kafin su hana.

Sun ce takardar an buga mata “sirri”, kuma sun yi rantsuwar riƙe sirri. Gaskiya ne hakan ya hana?

A'a. Sashe na 28 ya ce kasancewar an sa wa takarda tambarin sirri ko tana ƙarƙashin dokar sirri ta 1962 bai isa dalilin hanawa ba, sai jami'in ya duba ko da gaske ta faɗa cikin sassan da na lissafa a amsar da ta gabata. Ni dai ina tausaya wa ƙananan ma'aikata a nan, an rantsar da mutum ranar da ya kama aiki kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya karanta masa sabuwar dokar, tsoronsa na gaske ne. Shi yasa nake zuwa da kwafin dokar in nuna sashen, ba in ɗaga murya ba.

Zan iya neman albashin wani ma'aikaci, ko takardar kadarorin da ɗan siyasa ya bayyana?

Sunayen ma'aikata da muƙamansu da albashinsu da ranar ɗaukarsu aiki suna cikin abin da sashe na 2 ya ce hukuma ta wallafa da kanta. Amma fayil ɗin mutum na ƙashin kansa, lafiyarsa, harajinsa, wannan sashe na 14 ya kare shi sai in ya yarda ko amfanin jama'a ya rinjaya, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ofisoshi suke ambata yanzu.

Takardar kadarori kuwa tsohuwar rigima ce. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ta ajiye takardun ta kuma bari 'yan ƙasa su duba bisa sharuɗɗan da majalisar tarayya za ta gindaya, ita kuma hukumar ta daɗe tana cewa majalisa ba ta gindaya sharuɗɗan ba. Masu nema suna cewa FOI ɗin ai ita ce sharuɗɗan. In wannan kake nema ka shirya wa doguwar tafiya, ba wurin da sabon shiga zai fara ba ne.

In zan je kotu, wace kotu, kuma yaya abin yake?

Babbar Kotun Tarayya ko Babbar Kotu, nan Abuja ta tarayyar tana kan titin Shehu Shagari, ta birnin kuma hedikwatarta na Maitama. Sashe na 20 ya ba ka kwana 30 daga ranar da aka hana ka ko aka ɗauka an hana ka, kotu na iya ƙara lokaci amma roƙo ne ba haƙƙi ba. Yawanci lauyoyi suna neman umarnin da ake kira mandamus, wato kotu ta tilasta wa hukuma yin abin da doka ta ɗora mata, kuma bisa ƙa'idojin kotu ana fara neman izinin alƙali kafin a shigar da ainihin ƙarar. Da takardar rantsuwa ake yi, ka maƙala wasiƙarka mai sitamfi da ta tuni da amsarsu in akwai.

Dokar ta tsaya maka a wurare uku. Sashe na 21 ya ce a saurari ƙarar a taƙaice ba tare da jan lokaci ba, sashe na 22 ya ba alƙali ikon ya duba takardar da kansa ya gani ko da gaske sirri ce, sashe na 24 kuma ya ɗora nauyin kawo hujja a kan hukumar ba a kanka ba. Amma gaskiya kotunanmu a cike suke, abin da aka ce a taƙaice yana iya cin watanni har fiye, ga ɗaukaka ƙara. Kuma babban giɓin dokar a ganina shi ne ba ta kafa wata hukuma mai zaman kanta da talaka zai kai ƙorafi kyauta ba, daga ofis sai kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ƙungiyoyin da suka saba wannan aikin, irin su Media Rights Agenda da SERAP da PPDC, ko ku haɗu a matsayin ƙungiyar unguwa ku ɗauki lauya ɗaya.

Ance akwai tarar naira 500,000, ni za a ba?

A'a, tara ce ba diyya ba, aljihun gwamnati take shiga. Sashe na 7 ya ce jami'i ko hukumar da aka tabbatar ta hana ba bisa ƙa'ida ba ta yi laifi, kuma in an same ta da laifin tarar kenan. Kuɗin ma a 2011 aka yanka shi, kowa ya san abin da ya rage na darajarsa yau. Wanda ya fi nauyi shi ne sashe na 10, duk jami'in da ya lalata takarda da gangan ko ya sauya ta kafin ya bayar, ɗaurin da bai gaza shekara 1 ba ne. Don haka in aka ce maka fayil ya ɓata ka ce a rubuta maka hakan da sa hannu, tunda sashe na 9 ya wajabta musu adana bayanansu.

Ni ɗalibar shari'a ce ina rubuta furojet a kan wannan, daga ina zan fara?

Ki fara da dokar kanta daga sashe na 1 zuwa 32 kafin ki taɓa sharhin kowa, na ga furojet da yawa da aka kwafo kuskuren lambar sashe daga wani aka yi ta yaɗawa. Sai kundin tsarin mulki sashe na 39 kan 'yancin karɓa da yaɗa bayani da sashe na 22 kan aikin 'yan jarida, sai dokar sirri ta 1962 don ki ga abin da aka zo gyarawa, sai dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 wadda ita ma ta buɗe takardun kwangila ga jama'a, sai jagorar aiwatarwa da ofishin Antoni Janar ya fitar. Hukunce-hukunce kuma ki neme su a kundayen rahoton shari'u irin su NWLR ko LawPavilion, ki karanta hukuncin da kansa ba rahoton jarida ba, musamman ukun nan da na ambata a tambayar jihohi, ki jera su ki ga inda kowace kotu ta dogara a jerin ikon majalisun tarayya da na jihohi.

Wurin da ɗalibai ke tsallakewa alhali nan naman yake shi ne sashe na 29. Kowace hukuma dole ta miƙa wa Antoni Janar rahoto zuwa 1 ga Fabrairu kowace shekara, buƙatu nawa ta samu, nawa ta hana, kwana nawa take ɗauka, shi kuma ya kai wa majalisa nasa zuwa 1 ga Afrilu. Ki nemi waɗannan rahotannin, ki ƙirga hukumomin da suka miƙa. In kina son kwatance da waje, Suwidin ce ta fara irin wannan doka a 1766, Amurka ta yi tata a 1966. Kuma shawarata ki aika buƙata uku ko huɗu da kanki ki rubuta abin da ya faru, babin nan zai fi duk sauran daraja.

Takardar da aka ba ni ta FOI, kotu za ta karɓe ta a wata shari'ar daban?

Nan a kula. Takardar gwamnati in ba asalinta za ka kawo ba, dokar shaida ta 2011 tana son kwafin da aka tabbatar, wanda lauyoyi ke kira CTC, sashe na 104 ya faɗi siffarsa: a rubuta cewa kwafi ne na gaskiya, da kwanan wata, da suna da muƙamin jami'in, da hatimi in ofishin na amfani da shi, bayan an biya kuɗin da aka ƙayyade. Fotokwafi zalla lauyan ɗaya ɓangaren zai yi suka a kai. Saboda haka in ka san shari'a za ka yi da ita, kamar rigimar fili da ake neman fayil daga AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, ka rubuta tun a wasiƙar farko cewa kwafin da aka tabbatar kake so.

Takardun zamanin Turawa ko na tsohuwar Jihar Arewa fa?

Waɗannan ba sakatariya za ka je ba, Kaduna za ka nufa, reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke can shi ke riƙe da fayilolin lardunan Arewa, sauran manyan rassan suna Ibadan da Inugu, ga kuma Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna ɗin. Suna da nasu tsarin na shiga da dubawa, ba ka buƙatar wasiƙar FOI.

Ni ma'aikaci ne, in na ba da takarda ko na fallasa ɓarna me zai same ni?

Sashe na 27 ya kare jami'in da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya bisa wannan doka, ba za a yi ƙararsa ba. Ya ma wuce nan, ya ce dokar sirri ba za ta cutar da jami'in da ya fallasa abin da yake da dalilin gaskata cewa karya doka ne, ko almubazzaranci da dukiya, ko zamba, ko haɗari ga lafiyar jama'a ba, ko da ba a ba shi izini ba, haka wanda ya karɓa ya yaɗa.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, sashen ya kare ka daga gurfana ne, bai hana a yi maka canjin wurin aiki ko a danne maka ƙarin girma ba, kuma tsarin masu fallasa da Ma'aikatar Kuɗi ta fito da shi a Disamba 2016 manufa ce ta gwamnati ba dokar majalisa ba. In buƙatar FOI ce ta zo teburinka, hanya mafi aminci ita ce ka rubuta shawararka a fayil ka ambaci sashe na 4 da ranar da wa'adi zai cika, ka tura sama, ka ajiye kwafi. In kuma fallasa kake tunani, ka ga lauya tukuna kafin ka fitar da ko shafi ɗaya daga ofis.